Tayar keken tsere: in na koma mai faɗi, gudu zai ragu?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi keken tsere na gwanjo mai taya 700x25, wato mai faɗin milimita 25, yana fita da abokansa safiyar Asabar da Lahadi su yi kilomita 50 zuwa 70 a kan kwalta. Nauyinsa kilo 78. Hannayensa na sagewa saboda jijjiga, kuma cikin wata biyu ya yi faci sau huɗu. Yana so ya koma taya mai faɗi, amma wanda ya sayar masa da keken ya ce siririyar taya mai tauri ita ce gudu. Wace zai saya?

Wa alaikumus salam, Malam. In firam ɗin kekenka, wato gangar jikinsa, zai ɗauka, ka sayi 700x32 ko 700x30. In ba zai ɗauka ba, ka tsaya a 28. Gudunka ba zai ragu ba, a irin kwaltar da muke hawa ma ƙaruwa zai yi. Amma da sharaɗi biyu: tayar ta zama mai laushin jiki, kuma ka daina ɗura mata iska har ta koma dutse. In ka sayi mai faɗi ka bar waɗannan biyun, kuɗinka kawai ka kashe.

Wanda ya sayar maka da keken ba yaudararka ya yi ba, abin da duk muka taso muka tarar ke nan. A da, shekara da shekaru manyan 'yan tseren Turai a kan taya mai faɗin milimita 23 suke, da iska sama da psi 100 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Ni ma na daɗe a haka, in na ji keken na kaɗawa a ƙarƙashina sai in ɗauka gudu nake zubawa. Jiki ne ke ruɗin mutum, domin mun saba duk abin hawan da ya ƙara gudu yana ƙara jijjiga. Gwajin da kamfanoni ke yi ma ya goyi bayan wannan fahimta, saboda a kan wata gangar ƙarfe mai sulɓi ake ɗora tayar ana juya ta, a can kuwa duk iskar da aka ƙara, tayar na ƙara sauƙin mirginawa. A 2006 ne Jan Heine, mai fitar da mujallar Bicycle Quarterly a birnin Siyatil na Amurka, ya wallafa gwajin da ya yi a kan titi na gaske da mutum bisa keken, ya ga mai faɗi mai laushin jiki ba ta bin bayan siririya. Daga baya injiniyoyi irin su Tom Anhalt da Josh Poertner suka nuna akwai wani matakin iska wanda da zarar an wuce shi gudu raguwa yake yi, kuma gwargwadon lalacewar hanya, gwargwadon saurin kaiwa wannan matakin.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙarfin da kake zubawa a feda yana zurarewa ta wajen taya ta hanya biyu. Ta farko a cikin tayar kanta take. Duk inda ta taɓa ƙasa sai ta lotsa, in ta wuce ta miƙe, roba kuwa ba ta mayar da duk ƙarfin da aka sa wajen lanƙwasa ta, wani kaso zafi yake zama. Ka taɓa tayar tirela da ta tsaya bayan doguwar tafiya, ko da tsakar dare ne za ka ji ta da ɗumi. Ƙara iska yana rage wannan asarar, nan mai sayar da keke yake da gaskiya.

Hanya ta biyu a jikinka take, ita ce gangar ƙarfe ba ta nunawa. Ka lura da baro mai ƙafar ƙarfe a hanyar gargada: kowace tsakuwa sai ta ɗaga baron da kayan cikinsa gaba ɗaya, mai turawa na nishi. Sannan ka dubi kurar mai ruwa mai tayar iska a wannan hanyar, tayar ce ke haɗiye tsakuwar, jarkoki na tafiya a miƙe. Taya mai tauri tana mayar da kekenka baro. Kowane ƙaramin tudu na kwalta sai ya ɗaga kilo 88, wato kai da keke da gorar ruwa, naman jikinka kuma ya shanye wannan girgizar ba ya mayar da ita ga titi. Sagewar hannun da kake kuka da ita, ƙarfin ƙafarka ne da ya kamata ya tura ka gaba ya ƙare a tafin hannu.

To me faɗi ya ƙara a nan? Ya ba ka damar rage iska ba tare da rim, wato zoben ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, ya riƙa dukan ƙasa ba. Taya mai 32 tana ɗauke da iska fiye da mai 25 da kusan kashi 64 cikin 100, domin cikinta da faɗi da tsayi yake ƙaruwa a tare. Taurin taya kuma ba lambar geji kaɗai ba ce, lambar ce a ninka da faɗi. Mai 25 a psi 90, da mai 28 a psi 80, da mai 32 a psi 70, kusan taurinsu ɗaya. Wannan lissafin ka riƙe shi, domin a nan mafi yawan masu komawa taya mai faɗi ke kuskure. Mutum ya sayi 32 ya ɗura mata 90 kamar yadda ya saba, ta fi tsohuwar tauri, ya dawo yana cewa ba ta da amfani.

Akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. A kan sabuwar kwalta mai sulɓi, in tayoyin iri ɗaya ne kuma an ba kowace iskar da ta dace da ita, tsakanin 25 da 28 da 32 bambancin gudu ƙanƙani ne ƙwarai. Ribar mai faɗi tana fitowa ne inda kwalta ta tsufa tsakuwarta ta fito, inda aka yi faci bisa faci, inda dole ka sauka gefen titi saboda babbar mota. A kilomita 60 da kuke yi, nawa ne sabuwar kwalta? Manyan 'yan tsere ma yanzu 28 zuwa 30 suke hawa a tseren yau da kullum, musamman tun 2018 da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai, wanda ya buɗe wa taya wuri a firam. A tseren Paris-Roubaix na arewacin Faransa, mai kusan kilomita 260 wanda sama da 50 daga ciki daɓen duwatsu ne, 30 zuwa 32 ya zama abin da aka saba. A 2024 Mathieu van der Poel ɗan ƙasar Holan ya cinye shi da matsakaicin gudun kilomita 47.8 a awa, a zamanin tayoyi masu faɗin da a da ake cewa na masu yawon shan iska ne.

Maganar nauyi kada ta dame ka. Mai 32 ta fi mai 25 irinta da giram 60 zuwa 80, biyun a haɗe ba su kai sulusin ledar fiya wata ɗaya ba. Maganar tsaga iska kuma gaskiya ce, taya mai faɗi ta fi tare iska, musamman in ta fi rim ɗin faɗi ta kumburo gefe da gefe. Amma wannan sai ga mai gudun kilomita 40 a awa da dogon rim na kabon (wani abu marar nauyi da ake ƙera kayan keke da shi maimakon ƙarfe) yake zama abin lissafi. A gudun 26 zuwa 32 da yawancinmu ke yi, abin da jijjiga ke ci ya fi shi.

Yanzu ga inda nake so ka fi sa hankali, domin ya fi faɗin kansa muhimmanci: yadda aka saƙa jikin tayar. A ƙarƙashin robar da kake gani akwai yadi na zaren nailan ko auduga. In zaren siriri ne mai yawa, yadin kan yi laushi, ba ya buƙatar roba mai kauri, yana lanƙwasuwa ba tare da cin ƙarfi ba. In zaren mai kauri ne, sai a cika tsakaninsa da roba, tayar ta sandare. Lambar da ake rubutawa da haruffan TPI a jikin kwali ita ce yawan zare a inci ɗaya. Masu araha kan zo da 30, masu kyau 120, Vittoria Corsa mai yadin auduga 320. Sai dai kada lambar ta ruɗe ka, Continental kan haɗa shimfiɗa uku ta rubuta 330, alhali kowace 110 ce. Hannunka ya fi lambar gaskiya. In ka je shago, ka ɗauki tayar kafin a ɗaura ta, ka matse gefenta tsakanin babban yatsa da manuniya. Mai kyau za ka ji ta kamar yadin da ya sha wanki, tana bin yatsa. Marar kyau kamar tiyon ban ruwa take, sai ka sa ƙarfi. Wadda ake naɗewa a kwali, mai bakin zare maimakon waya, galibi ita ce ajin sama.

Ga abin da wannan ke nufi a ƙafarka. A nauyinka da gudun kilomita 30 a awa, tayoyi biyu masu kyau kan ci kamar wat 25 zuwa 30 na ƙarfinka (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da kake zubawa a feda), masu sandararren jiki kuma 40 ko fiye. Mai hawan ƙarshen mako a wannan gudun bai cika wuce wat 200 ba. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin goma na wahalarka na iya tafiya a zaɓin taya kawai. Babu wani abu a jikin keke da kuɗi kaɗan ke canzawa haka. Saboda haka in aka ajiye mini 28 mai laushi da 32 mai tauri, 28 zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Ƙurajen da ake yi wa bayan taya kuma ba su da aiki a kwalta, sai ƙara da cin ƙarfi. Ka nemi mai sumul ko mai ɗan zane marar zurfi. Yashin da iska ke tarawa a kwana, babu zanen da ke riƙe shi, rage gudu ne maganinsa.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka auna kekenka. Ka ɗauki alanki mai lamba 4, wato mai kaurin milimita 4, ka zura tsakanin tayar da ke kai yanzu da firam a wurare huɗu: ƙarƙashin fok na gaba, ƙarƙashin birki gaba da baya, tsakanin ƙafafun firam biyu na ƙasa kusa da inda feda ke juyawa, da bayan bututun da sirdi ke shiga. Bayan ka sa sabuwar taya, dole a samu ratar milimita 4 a kowane wuri, a hanyoyinmu ma na fi son 5 ko 6. Daga 25 zuwa 32 tayar za ta ƙaru da milimita 3 da rabi kowane gefe, a sama kuma kusan 7. In kekenka mai birkin roba ne da ke kama rim, wanda shi ne mafi yawan na gwanjo, da wuya ya wuce 28, wasu tsofaffin ma 25 ce iyakarsu. Mai birkin faifai kan ɗauki 30 zuwa 32, wasu har 35. Na taɓa matsa 28 a wani tsohon firam na ƙarfe, ratar da ta rage ba ta fi kaurin katin waya biyu ba. Da rani lafiya lau. Ranar da ruwan farko ya sauka na bi wata 'yar hanyar burji, jan laka da tsakuwa suka liƙe a tayar, ina jin ƙarar gurza a bayana kamar ana wasa wuƙa. Da na isa gida na wanke, fenti ya tafi a ƙafafun firam biyun, ƙarfe na ƙyalli. Da na kabon ne, da ramin da zai ci ba ya gyaruwa da sauƙi.

Ka kuma sani lambar da ke jikin taya ba ita ce faɗinta na gaskiya ba sai an ɗaura. A tsohon rim mai cikin milimita 15, mai 28 na iya fitowa 27. A sabon rim mai cikin 21, ita ɗin ce za ta kai 30. In rim ɗinka siriri ne sosai, mai cikin 13 ko 14, kada ka wuce 28, domin tayar za ta riƙa lanƙwashewa a kwana in iska ta yi ƙasa.

Wani tarkon da ya kama mutane da yawa a kasuwanninmu shi ne lambar 28. Kekunan Raleigh da Phoenix na iyayenmu tayarsu 28 x 1 1/2 ce, tayar keken tsere ma wasu kamfanoni kan rubuta mata inci 28, amma ba sa shiga wa juna. Ka nemi lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani a gefen tayar. Taka za ta nuna 25-622. Lambar farko faɗi ce, ta biyu girman rim. Ta Raleigh 635 ce, wasu tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuma 630. Kai abin da kake nema 28-622, 30-622 ko 32-622. In lambar ƙarshe ba 622 ba ce, ko mai shago ya rantse maka, ka ajiye.

Sai facin nan huɗu. In tif ɗin na nan, ka ciro ka duba. In ka ga huji biyu a jere kamar haƙoran maciji, ba ƙaya ba ce, rim ne ya datse tif a bakin rami. Wannan taya mai faɗi na maganinsa kusan gaba ɗaya, tunda tazarar rim da ƙasa ta ƙaru. In kuwa huji ɗaya ne ƙarami ta bayan tif, to tsidau ne, ko ƙayar aduwa, ko siririyar wayar da ke fita daga fasassun tayoyin manyan motoci a gefen titi. Ka bi cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka mayar, sau da yawa faci na biyu da na uku ƙayar farko ce da ba a cire ba. In hujin ta cikin tif yake, wajen rim, ƙyallen da ke rufe kan sifok ne ya mutu, ba laifin taya ba ne sam.

Abin da ka gani a tif shi zai zaɓa maka taya. In datsewa ce, ka je ga masu gudu kai tsaye: Continental Grand Prix 5000, wadda ta fito a 2018 kuma har yau da ita ake auna sauran, ko Schwalbe Pro One, ko Pirelli P Zero Race. In ƙaya ce ke damunka, ka sauko mataki ɗaya zuwa masu ɗan ƙarin kariya irin Vittoria Rubino Pro, Pirelli Cinturato Velo, ko Panaracer GravelKing mai sumul. Schwalbe Marathon Plus mai shimfiɗar kariya ta milimita 5 kusan ba ta faci, ta dace da mai zuwa aiki kullum, amma a cikin abokan tsere za ka ji ta a cinya tun kafin kilomita 20. In waɗannan sun yi tsada ko ba a samu ba, Kenda da CST da Maxxis ma suna da masu laushi da masu tauri, gwajin yatsa zai raba maka su. Tayar gwanjo kuma ka lanƙwasa gefenta a rana, in ka ga ƙananan tsaga ko zare na leƙowa, robar ta mutu ko da bayanta bai suɗe ba.

Tubles, wato taya marar tif da ake zuba wa ruwan liƙi a ciki, ita ce maganin tsidau na gaske, domin ruwan kan toshe hujin kana cikin tafiya. Amma sai rim da taya duk an yi su don haka, kuma a zafinmu da bushewar hunturu ruwan na saurin ƙafewa, ni duk wata biyu nake dubawa. In wata rana ka sayi sabon rim na kabon marar leɓe a ciki, wanda ake kira hukles, ka sani iyakarsa psi 72 da rabi ne, kuma ba kowace taya ake sa masa ba. A keken gwanjo irin naka, tif na roba da aka saba ya wadatar, amma ka sayi wanda lambarsa ta dace da sabon faɗin. Akwai sabon tif mai kama da leda, TPU, marar nauyi mai gudu, sai dai faci da sholishon mai faci na bakin titi ba sa kama shi.

Iska kuma ita ce rabin aikin, kuma kyauta ce. A nauyinka, in 28 ka samu, ka fara da psi 70 a gaba, 75 a baya. In 32 ce, 57 a gaba, 62 a baya. Baya ta fi ɗaukar nauyi, shi ya sa take fin gaba. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake nema ba. Ka sayi famfo mai geji naka na kanka, wanda ke kama siririn bawul na keken tsere. Injin mai faci don mota da babur aka yi shi, cikin daƙiƙa biyu yake cika tayar keke, matsawa da yatsa kuma ba ta bambance 60 da 85. Ka tuna da rana ma: tayar da ka cika da asuba a sanyin digiri 25, in ta kai 45 a kan kwaltar watan Afrilu, za ta ƙara psi 5 zuwa 6 da kanta.

Daga waɗannan lambobin sai ka nemo naka. Ka zaɓi wata hanya da ka sani sarai, mai ɗan gargada, ka riƙa rage psi 3 kowace fita. Za ka ji ƙarar keken na raguwa, hannu na sakewa, agogo kuma bai nuna ka yi jinkiri ba. Ranar da ka ji tayar na langaɓewa a kwana, ko ka ji rim ya taɓa bakin rami, ka mayar da psi 4 ko 5, ka rubuta lambar a jikin famfonka. In kuɗin taya ɗaya kawai gare ka yanzu, ka sa sabuwar a gaba, inda riƙon hanya da hannayenka suke, ta baya ta biyo in hali ya samu.